Grace Hopper: Malamar lissafin da ta koya wa kwamfuta jin maganar mutane

Idan ana lissafa mutanen da suka aza harsashin ilimin kwamfuta a duniya, sunan Grace Murray Hopper yana cikin na sahun gaba. Ba'amurkiya ce, malamar lissafi kuma hafsar sojan ruwa. Ta fara aiki da kwamfuta a 1944, zamanin da na'ura guda ke cika ɗaki, kuma ba ta bar fagen ba har mutuwa ta riske ta a farkon 1992, lokacin da kwamfuta ta riga ta hau teburan ofisoshi da gidaje. Shekara 47 da rabi ke nan a sana'ar da ko suna ba ta da shi sa'ad da ta shige ta.

Tambaya guda ce ta mamaye mafi yawan wannan dogon aiki nata: wa ke da ikon ba kwamfuta umarni? A farkon lamari, sai 'yan tsirarun masana lissafi da suka haddace lambobin na'ura. Ita kuwa ta dage a kan cewa ya kamata akawu da ma'aji da jami'in sito su ma su iya rubuta abin da suke so da kalmomin da suka saba da su, na'urar ta fassara wa kanta. An yi mata dariya a kan wannan ra'ayi kafin daga bisani duniya ta bi shi.

Haihuwa da karatu

An haifi Grace Brewster Murray ranar 9 ga Disamba, 1906, a birnin New York. Ita ce babba a cikin 'ya'ya uku. Mahaifinta, Walter Murray, dillalin inshora ne, mahaifiyarta Mary kuwa mace ce mai sha'awar lissafi. Ciwon jijiyoyin jini ya sa an yanke wa mahaifin ƙafafu biyu, abin da ya ƙara masa himmar ganin 'ya'yansa mata sun yi karatu daidai da ɗansa namiji, domin kowa ya iya riƙe kansa ko bayan ransa.

Tun tana ƙarama aka san ta da bin diddigi. Tana da shekara 7 ta kwance agogon ƙararrawa don ta ga abin da ke motsa shi. Da ta kasa mayar da shi, sai ta kwance wani don ta kwatanta, har ta kai ga agogo bakwai kafin mahaifiyarta ta farga ta taƙaita ta ga guda ɗaya.

Ta nemi shiga Kwalejin Vassar tana da shekara 16, amma makinta na Latin bai kai ba, sai da ta jira shekara guda. Ta kammala digirin farko a lissafi da kimiyyar fiziks a 1928, ta wuce Jami'ar Yale ta yi digiri na biyu a 1930, sannan digirin digirgir a lissafi a 1934 a hannun Farfesa Øystein Ore. A wancan zamani matan da ke kai wannan matsayi a lissafi ba su taka kara sun karya ba. A 1930 ta auri Vincent Hopper, malamin adabi, daga nan ta samo sunan da duniya ta san ta da shi. Auren ya mutu a 1945, ba su haihu ba, ba ta kuma sake aure ba.

Daga 1931 ta koma Vassar tana koyarwa. Ta yi suna da wata ɗabi'a da ɗalibai ba su saba gani a ajin lissafi ba: takan sa su rubuta bayanin lissafinsu da cikakkun jimloli, ta kuma duba rubutun kamar malamar harshe. A ganinta, lissafin da mutum ba zai iya bayyana wa wani ba, bai amfane shi ba. Wannan ra'ayi shi ne tushen duk abin da ta yi daga baya.

Yaƙi ya sauya mata hanya

Harin da Japan ta kai sansanin Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, 1941, ya jefa Amurka cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Grace ta nemi shiga sojan ruwa, aikin da ɗaya daga cikin kakanninta ya yi har ya kai muƙamin admiral. Aka ƙi ta. An ce shekarunta sun yi yawa, nauyinta, wanda bai wuce kilo 48 ba, ya gaza abin da doka ta tanada, sannan ƙasa ta fi buƙatar malaman lissafi a aji. Ba ta haƙura ba. Ta nemi hutu daga Vassar, ta sami sassaucin dokar nauyi, aka rantsar da ita cikin dakarun ko-ta-kwana na sojan ruwa a Disambar 1943. Ta yi horo a Kwalejin Smith da ke jihar Massachusetts, ta fito ta ɗaya a ajinsu, aka ba ta ƙaramin muƙamin laftanar.

A Yulin 1944, tana da shekara 37, aka tura ta Jami'ar Harvard wurin Kwamanda Howard Aiken, wanda da farko bai ji daɗin turo masa mace ba. A wani ɗaki na jami'ar ta tarar da Mark I, na'urar da Aiken ya tsara, kamfanin IBM ya ƙera. Tsawonta ya haura mita 15, tsayinta kusan mita biyu da rabi, nauyinta kusan tan 5. Tana da sassa fiye da 750,000 da wayoyin da tsawonsu ya kai kilomita 800. Tana iya tara lambobi sau uku a daƙiƙa guda, ninkawa kuma yakan ɗauke ta kimanin daƙiƙa 6. Ƙaramar wayar salula ta yau ta fi ta sauri nesa ba kusa ba, amma a lokacin tana gama aikin da zai ci ma'aikata watanni a cikin kwanaki, kuma ba ta gajiya dare da rana.

Yadda ake ba na'ura umarni a wancan zamani

Mark I ba ta da allo, ba ta da madannai irin na yau. Ana rubuta umarni ne ta hanyar huda doguwar takarda mai kama da ɗamara. Kowane layi yana da gurabe 24 da aka kasa gida uku: inda za a ɗauko lamba, inda za a kai ta, da abin da za a yi da ita. Dole mai tsara aikin ya san kowane ma'ajin lamba a cikin na'urar da tsawon lokacin da kowane mataki ke ɗauka. Idan aka huda wurin da bai kamata ba, sai a liƙe ramin da guntun takarda a sake hudawa.

Grace ta haɗu da matasan hafsoshi biyu, Robert Campbell da Richard Bloch, waɗanda suka riga ta zuwa, ta zama ta uku a masu tsara wa na'urar aiki. Suna lissafa jadawalin harba manyan bindigogi da rokoki da wasu buƙatun jiragen ruwa. Shahararren masanin lissafi John von Neumann ma ya kawo musu lissafin da ya shafi ƙera bam ɗin nukiliya a 1944. Aiki ne na gaggawa, ga sirri, ga Aiken mai tsanani, har wasu dare sukan kwana a ofis suna gadin na'urar.

Ba a daɗe ba Aiken ya gane irin ma'aikaciyar da ya samu, ya ɗora mata rubuta littafin jagoran na'urar. Littafin ya fito a 1946 da shafi fiye da 500, kuma yana cikin littattafai na farko a duniya da suka bayyana dalla-dalla yadda ake tsara wa kwamfuta aiki. Ba a sa sunanta a bango a matsayin marubuciya ba, an jingina shi ga ma'aikatan ɗakin lissafin baki ɗaya.

A Harvard ɗin ne aka yi abin da ya zama sanannen labari a wannan fage. Ranar 9 ga Satumba, 1947, na'ura ta biyu, Mark II, ta sami tangarɗa. Da ma'aikata suka bincika, sai suka tarar da wani ƙwaro mai fukafukai ya maƙale a ɗaya daga cikin makunnan lantarkinta. Suka cire shi suka liƙa a littafin aikin yau da kullum. Tun zamanin Thomas Edison injiniyoyi ke kiran matsalar na'ura da suna ƙwaro a Turanci, don haka abin ya ba su dariya, ga shi yau an kama na gaske. Ba Grace ce ta tsinci ƙwaron ba, ba kuma ita ta ƙirƙiri kalmar ba, amma ita ta yi ta ba da labarin har ya game duniya. Littafin da ƙwaron suna ajiye a gidan tarihi na Smithsonian da ke Washington.

Daga jami'a zuwa kamfani

Bayan yaƙi ta nemi zama cikakkiyar soja, aka ƙi saboda shekaru. Vassar ta yi mata tayin kujerar farfesa, ita ma ta ƙi, domin zuciyarta ta riga ta koma ga na'ura. A 1949 ta bar Harvard ta shiga ƙaramin kamfanin J. Presper Eckert da John Mauchly a Philadelphia, mutanen da suka ƙera ENIAC. Kasada ce, don kamfanin yana fama da rashin kuɗi, kuma a 1950 sai da Remington Rand ya saye shi.

Wannan lokaci ya yi mata tsanani a rayuwarta ta ƙashin kai. Masanin tarihi Kurt Beyer, wanda ya rubuta littafi a kanta, ya nuna cewa matsin aikin shekarun yaƙi ya jefa ta cikin shan giya, har 'yan sanda suka taɓa kama ta a Philadelphia a ƙarshen 1949. Abokan aikinta suka tsaya mata, ta farfaɗo, kuma manyan ayyukanta duk bayan nan suka zo.

Kamfanin yana ƙera UNIVAC I, kwamfuta ta farko da aka yi don sayarwa ga 'yan kasuwa a Amurka. Hukumar ƙidayar jama'a ce ta karɓi ta farko a 1951, kuma a 1952 na'urar ta yi suna bayan ta yi hasashen gagarumar nasarar Dwight Eisenhower a zaɓen shugaban ƙasa a gidan talabijin na CBS. Sai dai sayar da na'ura ya zo da matsala. Kowane mai saye yana buƙatar wanda zai tsara mata aiki, masu wannan ilimi kuwa ƙalilan ne, aikin kuma yana cin makonni. Ita kanta Grace ta sha ba da labarin yadda ta saba da ƙidaya mai tushe takwas, wadda ake amfani da lambobi 0 zuwa 7 kawai, har ta riƙa cakuɗa ta da lissafin asusunta na banki ba tare da ta sani ba. Ta ɗauki wannan a matsayin ishara cewa mutum ne ake tilasta wa ya koma na'ura, alhali na'urar ce ya kamata ta matso kusa da mutum.

Tafintar kwamfuta

Tun a Harvard ta lura cewa masu tsara aiki suna da littattafan da suke ajiye guntayen umarnin da suka riga suka gwada, kamar na fitar da tushen lamba, kuma sukan ari na juna su kwafa. Wajen kwafar ake yin kuskure, musamman da yake dole a sake lissafa wurin da kowane umarni zai zauna a ma'ajiyar na'ura. Sai ta yi tunani mai sauƙi: kwafa da tarawa ai su ne ayyukan da na'ura ta fi mutum iyawa. Ta tattara guntayen umarnin a kan faifan maganaɗisu, ta ba kowanne lambar kira. Mai tsara aiki ya jera lambobin kiran kawai, na'urar ta nemo su, ta haɗa, ta daidaita musu wurin zama.

Wannan manhaja da ta kammala a 1952 ita ce A-0. Masana na yau suna ganin ta fi kama da mai haɗa guntaye fiye da cikakkiyar tafinta, kuma akwai wasu a Ingila da Amurka da ke irin wannan bincike a lokacin. Duk da haka tana cikin na farko-farkon manhajojin da suka sa kwamfuta ta taimaka wajen rubuta wa kanta umarni. Karɓuwarta ta ɗauki kusan shekara biyu. Wasu sun ce kwamfuta lissafi kawai ta iya. Wasu ƙwararru kuma sun ga cewa umarnin da suka rubuta da hannu ya fi gudu, wanda gaskiya ne a lokacin, sannan akwai tsoron kada sana'arsu ta zama ta kowa. Amsarta ita ce a haɗa lokacin mutum da na na'ura a lissafa, a ga wanne ya fi arha.

A 1954 aka naɗa ta shugabar sashen da ke wannan bincike. Daga nan ta ƙara gaba. Ta lura cewa masana kimiyya suna son alamomin lissafi, amma ma'aikatan albashi da inshora da sito ba sa so. Ta ba da shawarar a rubuta umarni da kalmomin Turanci na yau da kullum, irin su karanta, rubuta, kwatanta, ƙara. Shugabanninta suka ce kwamfuta ba za ta fahimci Turanci ba. Don ta nuna musu cewa na'ura ba ruwanta da ma'ana, jerin haruffa kawai take dubawa, sai ta sa aka gwada umarni iri ɗaya da Faransanci da Jamusanci, ya kuma yi aiki. Wannan ya ƙara firgita su, aka ce a tsaya a Turanci. Sakamakon aikin shi ne harshen FLOW-MATIC, wanda masu sayen UNIVAC suka fara amfani da shi a ƙarshen shekarun 1950.

Haihuwar COBOL

Zuwa 1959 kowane kamfani yana da nasa harshe, manhajar da aka rubuta wa wata na'ura ba ta aiki a wata. Ma'aikatar tsaron Amurka, wadda ta fi kowa sayen kwamfuta, ita ta fi jin jiki. A ƙarshen Mayun 1959 aka yi taro a Pentagon tsakanin kamfanoni da hukumomi, aka kafa kwamitin samar da harshe na bai-ɗaya don harkokin kasuwanci. Shi ne COBOL.

Ana yawan cewa Grace Hopper ce ta ƙirƙiri COBOL, amma maganar tana buƙatar gyara. Mashawarciya ce ga kwamitin. Wasu mutum shida, ciki har da Jean Sammet, su suka zauna suka rubuta ƙa'idojin harshen. Abin da ba a musu a kai shi ne FLOW-MATIC ne babban tushen da suka ɗora a kai, kuma ita ce ta fi kowa tallata shi. A Disambar 1960 aka gwada manhajar COBOL guda a kan UNIVAC II da kuma RCA 501, na'urorin kamfanoni biyu dabam, ta yi aiki a duka. Da ma'aikatar tsaro ta sanya sharaɗin cewa sai na'ura tana jin COBOL za ta saya, kamfanoni suka bi.

Harshen bai tsira daga suka ba. Masanin nan ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya caccake shi a 1975 a kan cewa yana lalata tunanin mai koyo, wasu kuma suna ƙorafin yawan surutunsa. Al'adar rubuta shekara da lambobi biyu don tsimin ma'ajiya, wadda ta yawaita a tsofaffin manhajojin kasuwanci, ita ta haifar da fargabar shiga shekarar 2000. Amma bankuna da kamfanonin inshora da hukumomin gwamnati da yawa har yau suna tafiya a kansa. A Afrilun 2020, lokacin annobar korona, sai da gwamnan jihar New Jersey ya fito yana neman waɗanda suka iya COBOL, saboda tsarin biyan tallafin marasa aikin yi ya kasa ɗaukar yawan masu nema.

Ritayar da ta ƙi tabbata

A ƙarshen 1966 dokar shekaru ta sa ta yi ritaya daga dakarun ko-ta-kwana da muƙamin kwamanda, tana da shekara 60. Cikin Agustan 1967 aka sake kiran ta na wata shida don ta daidaita harsunan kwamfuta na rundunar, waɗanda suka rarrabu har manhajar wani sansani ba ta aiki a wani. Wata shidan nan suka zama kusan shekara 19. Ƙungiyarta ta samar da gwaje-gwajen tantance ko tafintar da kamfani ya kawo ta cika ƙa'idar COBOL, tsarin da hukumar ma'auni ta ƙasar ta karɓa daga baya. Ta zama kyaftin a 1973, kwamado a Disambar 1983 a zamanin Shugaba Ronald Reagan, kuma a 1985 aka sauya sunan muƙamin zuwa riya admiral.

Tun a shekarun 1970 take jan hankalin hukuma cewa a daina dogaro da ƙatuwar kwamfuta guda, a koma ga ƙanana da yawa da ke haɗe da juna. Takan kawo misali da manoman da: idan sa guda ya kasa jan gungume, ba sa neman ƙaton sa, sukan ɗaura biyu.

Ta zagaya makarantu da sansanoni tana lacca, jakarta cike da guntayen waya masu tsawon kusan santimita 30. Wannan shi ne iyakar nisan da lantarki zai iya tafiya a kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. Takan raba wa masu sauraro, sannan ta ɗaga nannaɗaɗɗiyar waya mai tsawon mita 300, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, don masu rubuta manhaja su ga girman abin da suke ɓarnatarwa. Da guntayen nan take bayyana wa manyan hafsoshi dalilin jinkirin saƙon tauraron ɗan'adam. A ofishinta akwai tutar 'yan fashin teku da agogon da ke tafiya da baya, don tunatar da baƙi cewa sabo da abu ba hujja ba ce ta ci gaba da yin sa.

Ta yi ritayar ƙarshe ranar 14 ga Agusta, 1986, a bikin da aka yi a kan tsohon jirgin yaƙi USS Constitution a Boston. Tana da shekara 79, ita ce hafsa mafi tsufa a bakin aiki a rundunar. Ba ta zauna a gida ba, kamfanin Digital Equipment ya ɗauke ta babbar mashawarciya, ta ci gaba da lacca.

Rasuwa da karramawa

A 1969 wata ƙungiyar masana sarrafa bayanai ta ba ta lambarta ta farko ta gwarzon namijin shekara a kimiyyar kwamfuta. A 1973 ƙungiyar masana kwamfuta ta Birtaniya ta ba ta babbar lambar girmamawarta, ita ce mace ta farko da ta samu. A 1991 Shugaba George Bush babba ya ba ta lambar fasaha ta ƙasa.

Ta rasu cikin barci ranar 1 ga Janairu, 1992, a gidanta da ke Arlington a jihar Virginia, tana da shekara 85, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington. A 1994 aka fara taron mata masana kwamfuta mai ɗauke da sunanta, wanda ya zama mafi girma irinsa a duniya. A 1997 jirgin yaƙi USS Hopper ya fara aiki. Shugaba Barack Obama ya ba ta lambar 'yanci ta shugaban ƙasa a 2016, Jami'ar Yale kuma ta sa wa ɗaya daga cikin kwalejojinta sunanta a 2017.

A shekarunta na ƙarshe, idan aka tambaye ta aikin da ta fi alfahari da shi bayan tafintar kwamfuta, takan ambaci matasan da ta horar. Tsarinta da su shi ne idan sun zo da sabon tunani ta ce su gwada, ta tsaya musu a gaban shugabanni, sannan ta riƙa leƙa su lokaci-lokaci tana zuga su kada su daina ɗaukar kasada.